Bindigogin Maigidana Ba Sa Tashi

Ni da na baro gida saboda bindiga, sai ga shi abincin da Allah Ya ajiye mini a Doha na shafa wa bindigogi mai ne. Ka ji fa. Da wani ne ya ba ni wannan labari, da na ce zuƙi-ta-malle ce.

Da gadi na fara, kamar yawancinmu. Ina tsayuwa a ƙofar wani katafaren kanti a Al Gharrafa tun safe har ƙafafuna su kumbura su cika takalmi. A nan na san tsohon da ya zama maigidana. Balarabe ne ɗan ƙasa, dogo, ya ɗan ranƙwafa, idonsa ya fara rauni amma bai yarda ba. Kullum ya zo sai ya haye layi biyu wajen ajiye motarsa, ni kuma in karɓi makulli in gyara masa ba tare da na ce uffan ba. Ranar da ya goga motar da ginshiƙi 'ya'yansa suka ce khalas, ya gama tuƙi. Shi kuwa ya ce in dai dole sai an ɗaukar masa direba, to wancan mai gadin mai shiru-shiru yake so. Mai shiru-shiru, wai ni! Larabcin ne dai babu a bakina lokacin. Haka ya zama kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, aka ba ni ɗaki a bayan gidansa.

Alhamis ta farko ya ce in kai shi gonarsa a Umm Salal. Muka wuce dabinai, muka wuce garken awaki, muka tsaya gaban wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ko taga babu. Ya buɗe, sanyi ya dake ni, ya kunna fitila. Innalillahi! Bango uku, daga sama har ƙasa, bindigogi ne a jere. Ban san lokacin da na ja da baya na taka masa ƙafa ba. Mutumin da ya taɓa kwanciya ruf da ciki cikin dawa yana jin babura suna wucewa, ba ka nuna masa irin wannan bango ba shiri. Shi kuwa tsohon dariya yake har da riƙe ciki.

Sai da ya gama dariyarsa ya ce in kwantar da hankalina, duk matattu ne. An kashe su tun kafin su shigo ƙasar. Ya ɗauko ɗaya ya nuna mini: an cusa sandar ƙarfe a cikin bakinta an bi da walda, an yanke allurar da ke dukan harsashi, an kuma tsaga bututun ta ƙasa inda katako ya rufe. Hukuma ta san da kowacce. Ko daga wannan bango zuwa gidansa ba ya iya ɗaukar guda sai da izini. Dukkansu kuma irin waɗanda aka taɓa raba wa sojojin Amurka ne, tun daga na zamanin dawaki har zuwa na manyan yaƙe-yaƙen duniya. Yana saurayi ya je karatu can, ya zauna gidan wani tsohon soja da ya rataye irinsu a saman ƙofa, to tun daga nan ciwon ya kama shi. Ni ciwo nake ce masa, don ban ga wani suna da ya dace ba.

Aikina ya zama biyu. Sauran ranaku tuƙi, Alhamis kuwa ɗakin nan. Zafin Doha da laima yake tafe, ka fito daga mota ka ji kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo, ƙarfe kuwa ba ya son haka. Saboda haka na'urar sanyi ba ta mutuwa a ɗakin, ƙofa kuma ba ta zama a buɗe. Wannan ce babbar dokarsa. Ka shigo, ka rufe. In ka tsaya gyara takalmi a bakin ƙofa sai ka ji ya daka tsawa: “Yalla, rufe, rufe! Tsatsa kake gayyato mini?” Doka ta biyu, ba a taɓa su sai da farar safar hannu. Ta uku, ba a goge tabo. Duk wani ƙwarzane da ke jikin ƙota, duk wani hatimi da ya dushe, duk inda hannun wani soja ya cinye katako ya yi baƙi, a bar shi yadda yake. Mai kaɗan a tsumma, a shafa a hankali, a mayar.

Sunayensu na Turanci duk lambobi ne da shekaru, ba su zauna mini ba, sai na raɗa musu nawa. Akwai Mai Ƙyaure, tsohuwa ce ƙwarai, bayanta ake ɗagawa kamar murfin akwati a sa harsashi ɗaya tal. Akwai Doguwa, wadda ake ja mata hannu baya a tura gaba bayan kowane harbi, tana da maratayin fata mai ƙugiyoyin tagulla. Akwai Mai Cizo, mai cin harsashi takwas, wadda ya ce in soja ya yi sakaci wajen ɗura ta sai ta datse masa babban yatsa, in kuma ta ƙare sai ta tofar da ɗan ƙarfen da ke riƙe harsasan, ya yi ƙara ƙil. Yana da irin ƙarfen a aljihu, yakan sake shi a kan tayil don in ji, ya dube ni yana murmushi kamar yaron da aka saya wa ƙararrawa. Sai Gajeriya, 'yar ƙarama marar nauyi. Ya ce wannan tawa ce, don direbobi da masu dafa abinci aka fi ba irinta. Na ce na gode, ashe ko a Amurka direba ba ya samun babban rabo.

Da farko na tsane su, ba zan ɓoye ba. Ina shafa mai ina tsaki a zuci. Amma hannu yana da saurin sabo. Kafin shekara ta zagayo na san nauyin kowacce, na san wadda ƙotarta ke shan mai da wadda ke tofar da shi. Tsohon kuma mutumin kirki ne. Yakan zauna a kujera da butar gahawa yana ba ni labarin laka da ƙanƙara da tsibirai, ni ina cewa na'am, rabin zancen ma ba na ganewa.

To, ga abin da ke can gida. Ƙauyenmu yana bakin daji ne, can yammacin Katsina. Mahaifina maharbi ne, shi ne ma sarkin bakan yankinmu lokacin da yake da ƙarfi. Tun ban kai tsawon bindigarsa ba nake jin warin albarushi a rigarsa. Da ɓarayin daji suka fara addabar mutane, aka yi wani zaman sulhu, aka ce kowa ya kawo makaminsa, namu da nasu. Baba ya ɗauki bindigarsa ta gado ya kai da hannunsa, don ya ce babba ba ya ba da umarnin da shi bai bi ba. Namu suka kai. Nasu ba su kai ba. Daga nan sai abin ya zama gona ba ta nomuwa sai da izininsu, hanya ba ta biyuwa in la'asar ta yi. Mutane suka fara zarewa gida-gida. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, saura Baba da ƙanena da iyalinsa. Ni da ƙanena buri ɗaya gare mu: mu fitar da tsohon nan zuwa cikin gari kafin a wayi gari a ce mana wani abu. Ya ma fara saukowa. Ya ce bari a yi Sallah, a kwashe ɗan abin da ke rumbu, sai a ga abin da Allah zai yi.

Sallar nan ce ta ja mana. Duk wanda ya zauna a ƙasashen nan ya san al'adarmu: ranar Idi kowa ya sha wanka, ya nemi abu mafi kyau da ke kusa da shi, ya tsaya a gabansa a ɗauke shi hoto a tura gida. Mai gadi ya jingina da motar da ba tasa ba, mai shara ya tsaya gaban benen da ko lif ɗinsa bai taɓa shiga ba. Ba ƙarya ba ce, kwantar da hankalin iyaye ne. Ni ma kowace shekara da motar maigida nake yi. A wannan karon muna gona, maigida ya gan ni cikin sabuwar shadda, ya ji daɗi, ya ce ai ya san mahaifina maharbi ne, me zai yi da hoton mota? Ya ja ni ɗakin, ya miƙa mini Gajeriya, ya tsayar da ni tsakiyar bango, ya ɗauka da hannunsa. Ya ce in gaishe masa da ɗan'uwansa mai son ƙarfe. Na tura wa ƙanena, ƙanena ya nuna wa Baba.

Washegari Baba ya kira ni da kansa. Wannan ma abin mamaki ne, don sai an hau wani dutse a bayan gari ake samun sabis, shi kuwa gwiwa ta daɗe da hana shi hawa. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

“Kai, duk waɗannan na maigidanka ne?”

“Nasa ne, Baba.”

“Shi kaɗai?”

“Shi kaɗai.”

Sai ya ce: “Ka rasa wadda za ka riƙe sai ta yara. Waccan doguwar ta hannun damanka, mai maratayin fata, ita ce bindiga. Ka ce masa ina gaisuwa. Ka ce masa guda ɗaya nake roƙo, aro, ba kyauta ba. In ƙura ta lafa zan mayar masa da ita yadda ya ba ni.”

Na ce Baba ai ba sa tashi, matattu ne, ado ne kawai. Ya ce bai ji ba. Na sake faɗa. Ya ce:

“Mutum da hankalinsa, da gemunsa, ya tara bindiga bango uku, ya gina musu ɗaki, ya sa musu sanyi, ya ɗauki ɗana yana yi musu hidima, kuma ka ce mini ba sa tashi? Ni za ka yi wa wannan? In kunyar roƙo kake ji ka faɗa mini.”

Wallahi ban ga laifinsa ba. Don in ka duba, wa ya fi gaskiya a hankalce? Yaya zan bayyana wa mutumin da ya kai bindigarsa ɗaya tilo ya dawo hannu rabbana cewa akwai inda ake sayen bindiga don a kashe ta a rataye? Na ce ko da suna tashi, ba a fita da su, filin jirgi ba kasuwar ƙauye ba ce. Ya ce wanda ya iya shigo da su ya san hanyar fitar da su. Ya rufe da cewa maganar tashi daga ƙauye kuma a jingine ta. Ba zai bar gidan ubansa yana gudu ba alhali ɗansa na kwana cikin bindigogi. Zai jira.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ban taɓa sanin nauyin wannan magana ba sai Alhamis ɗin da ta biyo baya, da na tsaya gaban bangon nan da tsumma a hannu. Haushi ya turnuƙe ni, na ji kamar in kwashe su duka in watsar a garken awaki. Haushin tsohon da ya ɗauki hoton, haushin Baba da taurin kansa, haushin wanda ya ƙirƙiro waya mai hoto. Maigida ya lura raina a ɓace yake. Ya tambaya, na faɗa masa da guntun Larabcina da guntun Turancina. Ya ajiye kofin gahawa. Sannan ya ce duk ranar da aka samu hali a haɗa shi da Baba ido da ido, shi zai nuna masa.

Ƙanena ya kwashe matarsa da yara ya kai gari, ya kama musu ɗaki. Sannan ya samu wani mai mota da ya yarda ya shiga ƙauyen ranar wata Alhamis, da sharaɗin za su fito kafin la'asar, da Baba ko ba Baba. Muka shirya. Ni da maigida muna ɗakin bindigogi, amma bangon ɗakin kauri gare shi, sabis ba ya shiga sai an buɗe ƙofa. Tsohon ya dubi ƙofar, ya dube ni, ya cije, ya ce a buɗe, amma a yi sauri. Can kuma ƙanena ya tallabi Baba har kan dutse. Fuskarsa ta fito a waya, ta rame, ya sa tsohuwar hularsa ta farauta. Ina hango motar a ƙasa an ɗaure buhuna a samanta.

Tsofaffin biyu suka gaisa, ina fassara. Maigida ya sauko da Doguwa da kansa. Ya ɗauki siririn ƙarfen da ake share bututu, ya zura a bakinta, ya tsaya cak bai shiga ko tsawon yatsa ba. Ya haska tocila ya nuna waldar. Ya ja hannunta baya ya nuna inda aka yanke allura. Har katakon ƙasa ya kwance, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya nuna tsagar. Yana yi yana cewa: “Ka gani, ɗan'uwana? Gawa ce. Wallahi gawa ce. Ka shiga mota.”

Baba ya matso da ido har hancinsa ya cika wayar. Ya ce a sake nuna masa waldar. Aka nuna. Ya ce a juya ta. Aka juya. Na ga ya gyaɗa kai, na ce alhamdulillahi, ya gane. Sai ya ce:

“Wannan ce matsalar? Wannan ɗan toshin? Haba! Maƙerin garinmu da ya ƙera bututu daga sitiyarin mota, wannan ai kafin azahar ya buɗe shi. Allura kuwa ko da ƙusa sai ya yi mata. Ka ce wa Balarabe kada ya ji kunya don ta lalace, ya turo ta a haka. Ƙarfen kirki ne, na gani.”

Na ce: “Baba, maƙerin ma ai ya tashi!”

Ya ce: “Zai dawo in ya ji akwai bindiga a gari.”

Nan na manta da wa nake magana. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba tun da aka haife ni. Na ce bindiga ɗaya me za ta yi wa mutum ɗari a kan babura? Na ce so yake ya mutu ya bar mu da abin faɗa? Na ce ya dubi Allah ya dubi jikokinsa ya shiga motar nan. Ina faɗa ina kuka, gaban maigida, ba kunya. Baba ya bari na gama tsaf. Ya ce ba don ya kashe mutum ɗari yake so ba. Ya ce garin da aka san akwai bindiga ɗaya a cikinsa, ko ɓarawo sai ya yi sallama. Garin da babu kuwa, ko akuya ta fi mutanensa daraja. Sai ya miƙa wa ƙanena wayar. Ina jin mai mota yana danna oda a ƙasa. Suka fito da buhuna, ba Baba.

Maigida ya rufe ƙofa da kansa, ya zauna, Doguwa a kan cinyarsa. Ya ce a duk shekarun da ya yi yana tara su, yau ne karo na farko da wani ya nemi ɗaya don abin da aka ƙera ta dominsa, kuma ba shi da abin ba shi. Ya ce da kuɗi ne, da mota ce, da magani ne. Na ce na sani. Ya daɗe yana shafa maratayin, sannan ya fara kwance ƙugiyoyin. Na ce me yake yi? Ya ce fata dai ba makami ba ce, ba mai hana ta hawa jirgi. Wannan maratayi tare da bindigar ya zo, ya girme mu duka, bai taɓa raba su ba. A kai wa ɗan'uwansa, ya san ba rowa aka yi masa ba.

Da na faɗa wa ƙanena, sai ya ce: “Yaya, ai wannan ita ce dabarar! Zan aika masa cewa saƙo ya iso daga Katar, kuma ba a ba kowa sai shi. Ba ƙarya na yi ba. In ya shigo gari, sai mu san yadda za mu riƙe shi.” Na ga hankali a maganar. Akwai wani ɗan yankinmu, direban tasi da ke zaune a Al-Sadd, zai tafi hutu. Na naɗe maratayin cikin sabon rawani da maigida ya haɗa da shi, na kai masa har ɗaki. Ya sa a jakarsa tsakanin dabino da turare.

Dabarar ta ci, da farko. Saƙo ya je ta bakin wani mai babur, Baba ya biyo shi ya shigo gari da rigarsa ta farauta. Ƙanena ya kira ni yana haki don murna, ya juya wayar in gani. Baba na zaune a tabarma, jikoki sun kewaye shi. Ya warware rawanin a hankali. Ya ɗaga maratayin, ya duba ƙarƙashin rawanin, ya sake dubawa. Ban ga ransa ya ɓaci ba. Ya shinshina fatar, ya ja ta da hannu biyu, ya gwada ƙugiya da haƙori. Ya ce wanda ya jeme wannan fata ya san aikinsa. Sannan ya dubi wayar ya ce:

“To, madalla. Igiya ta iso, saura akuya.”

Na ce: “Baba, babu akuya. Igiyar ce kawai. Kyauta ce, don girmamawa.”

Ya yi 'yar dariya irin ta wanda ya gano abin da yara ba su gano ba. Ya rage murya, wai kada maƙwabta su ji. Ya ce Balaraben nan dattijo ne mai hankali, shi ya fahimce shi ko da ni ban fahimta ba. Ba wanda ke aiko da igiya in ba ya nufin aiko da dabba. Gunduwa-gunduwa zai turo ta don kada a tare a hanya: yau maratayi, gobe ƙota, jibi bututu. Ya ce in daina yawan magana a waya, kada in ɓata musu shiri.

Na rantse masa da Allah. Na ce zan sa maigida ya rantse masa. Ya ce ai dole ya rantse a waya, shi ma da shi ne haka zai yi. Kai jama'a! Duk ƙofar da na bi sai in tarar ya riga ni ya toshe ta. Na ce wa ƙanena ya sa ido, ko masallaci kada ya bar shi ya tafi shi kaɗai. Ya yi iya yinsa, yaron nan, ban da abin da zan ce da shi. Amma wa zai tsare maharbi? Ranar kasuwa aka idar da sallar asuba, ƙanena ya juya gaisawa da liman, ya waiwayo babu Baba. Ya bar saƙo wajen mai shayi: a gaya wa yara ya koma, don in sauran kayan suka iso, gara su same shi a gida. Rawanin ya bar wa jikansa, maratayin ya tafi da shi.

Ba a jima ba aka ƙone ƙarfen sabis ɗin da ke ba yankinmu waya. Ko an hau dutsen yanzu babu komai. Masu mota sun daina shiga, masu babur ma sai wanda ya gaji da ransa. Labari sai dai daga bakin wanda ya fito. Na ƙarshe da muka samu daga wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, da ta fito da ƙafa. Ta ce wa ƙanena gidajen da ke da mutane a ƙauyen ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ta ce ta ga Baba lafiyarsa ƙalau, yana zaune a ƙofar zaure yana fuskantar hanya. Ya shafe wata fata da man kaɗanya tana ta ƙyalli, ya rataya ta a kafaɗa ta zagayo ƙirjinsa, ba komai a jikinta. Ta tambaye shi ta mece ce, ya ce ta jira ta gani.

Na nemi hutu in tafi, maigida ya ce ga tikiti ko gobe. Ƙanena ya ce in zo in yi me? In tsaya a tasha tare da shi muna kallon hanya? Wanda ya dawo daga waje ma shi ɓarayin ke fara nema, in ƙara masa wani abin kuka ne kawai. Gaskiya ya faɗa, na kuma ji zafinta. Maigida ya ce ko a aika wa Baba 'yar kwalbar man da ke cikin gindin Doguwa, a sake jawo shi gari? Na ce a'a da ƙarfi har ya firgita. Duk abin da muka tura, gunduwa ce ta biyu, ya ƙara zama. In ba mu tura ba, yana jira. Ni dai ban san hanya ta uku ba, wanda ya sani ya faɗa mini.

Har yanzu kowace Alhamis ina kai shi Umm Salal. Mu wuce dabinai, mu wuce awaki. In sa farar safa, in ɗiga mai a tsumma. Ya daina sakin ƙarfen Mai Cizo a kan tayil, labarin ƙanƙara da tsibirai ma ya ragu. Doguwa tana nan a wurinta ba maratayi. Wani ɗansa ya ce zai sa a nemo mata wani, ya ce a bari.

Alhamis ta farko bayan labarin mai daddawa, muka shiga, na juya zan rufe ƙofa kamar kullum. Ya ce wayata fa, tana ina? Na ce tana aljihu. Ya ce in ɗora ta a kan kujera kusa da bakin ƙofa, in ƙure mata ƙara, in bar ƙofar a buɗe. Na ce laima fa? Ana tsakiyar zafi, iskar waje kamar tururin tukunya. Ya ce in yi abin da aka ce mini.

Haka muke yi tun daga ranar. Na'urar sanyi tana ta fama, bango yana gumi, mu biyu muna aiki kunnuwanmu na kan kujera. Makon jiya na sauko da Doguwa, na ga ɗigo-ɗigon jan tsatsa sun fara fitowa a bakinta, daidai wurin waldar. Na kai masa kusa da ido don ya gani. Ya gani. Bai ce a rufe ba, wayar kuma ba ta yi ƙara ba.